Daga Tubali Zuwa Zana: Tarihin Azuzuwan Gwamnati a Nijar

Duk wanda ya shiga filin tsohuwar makarantar gwamnati a Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa, in ya tsaya ya duba da kyau, zai ga gini iri-iri a fili guda. A tsakiya akwai wani dogon gini mai kaurin bango da faɗin baranda, wanda tsofaffin unguwa ke cewa tun zamanin Nasara yake nan. Kusa da shi jerin azuzuwan siminti ne, kwanonsu ya yi tsatsa, tagoginsu na ƙarfe sun daina rufuwa. Can gefe ga wasu biyu ko uku da ɗan sauran fenti, an liƙa allo a bangonsu ɗauke da sunan ƙasar da ta ba da kuɗin ginin. Daga ƙarshe, a jikin katanga, rumfunan zana ne a jere, kuma a cikinsu aka fi zuba ƙananan yara. Ba rana ɗaya aka yi waɗannan gine-gine ba. Kowanne yana da zamaninsa, da mutanen da suka kafa shi, da dalilin da ya sa aka bar shi a halin da yake ciki.

Idan aji ya tsufa, tambayar da aka saba yi ita ce: a gyara shi ne, ko a rushe a gina sabo? Tarihin makarantunmu ya nuna akwai tambayar da ta riga wannan, wato wane ne mai ajin? Cikin shekara ɗari da ƴan kai ginin makaranta ya yi ta sauya hannu a Nijar, daga kumandan zuwa gwamnatin ƴanci, daga gwamnati zuwa masu ba da agaji, daga su kuma zuwa uwayen yara. Duk sa'ad da ya sauya hannu, ana tuna wanda zai gina, a manta wanda zai gyara.

Zamanin kumandan

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, daga baya ta zama mazaunin mulkinsu na soja. A 1922 aka ayyana Nijar a matsayin ƙasar mulkin mallaka, sannan a 1926 aka mai da babban birni Yamai. Makarantun farko ba don a ilmantar da jama'a aka buɗe su ba. Abin da Bature ke so shi ne tafinta, da magatakarda, da mai taimakon likita, saboda haka makarantun ƴan ƙalilan ne, kuma kusa da bariki. Yaron da ya yi fice sai ya bar ƙasar kafin ya ƙara karatu. Bubu Hama, wanda ya fara a Tera, sai da ya bi ta Dori da Wagadugu, ya dangana da makarantar William Ponty a Senegal, ya komo gida malami a 1929. Jori Hamani da Jibo Bakari su ma a William Ponty suka koyi aikin malanta.

Da abin da ke kusa aka gina waɗannan makarantu: ƙasa, da tubali, da azarar giginya, wani wuri kuma da jinka. Magina na gari ne, masu ɗaukar laka da ruwa kuwa talakawa ne da sarki ke tarawa bisa umarnin kumandan, ba da son ransu ba. Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda da kowane Bahaushe ya sani: kafin damina a yi yaɓe, a toshe tsaga, a share indararo. An riƙa yin wannan ga bariki da makaranta, amma ta hanyar aikin tilas. Watau gyara ya samu, sai dai da bulala ya samu.

Wannan ya bar tabo. An karɓi yaro da ƙarfi an kai shi lakwal, an kuma kama ubansa da ƙarfi ya yi wa bangon lakwal yaɓe. Ba abin mamaki ba ne da talaka ya ɗauka cewa ginin nan na Nasara ne, daga baya kuma na gwamnati, ba shi da rabo a ciki. Masallacin unguwa ana yi masa gayya ba tare da an roƙi kowa ba, amma makaranta sai an aiko da dogari.

Shigowar siminti

Shekarar 1946 ta sauya abu biyu. A watan Afrilu majalisar Faransa ta amince da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wadda ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. A shekarar kuma aka kafa asusun FIDES, wanda ya riƙa ba da kuɗin hanyoyi da asibitoci da makarantu. Hannun banza ya ƙare, kuɗi ya shigo, tare da shi kuma sabon kayan gini: siminti, da rodi, da kwano, waɗanda ake ɗaukowa daga bakin teku ta Kwatano da Paraku, ko ta Kano, a kan tsada mai yawa. Makarantar sakandaren Yamai, wadda ta zama lise ta ƙasa kuma yau take ɗauke da sunan Isa Korombe, ta girma ne a wannan zamani.

Tare da siminti wata kalma ta shigo takardun hukuma, ta zauna har yau. Aka raba azuzuwa aji-aji: na siminti su ne na “dindindin”, na ƙasa da na zana kuwa na “wucin gadi”. Kalmar ta yi ɓarna ta fuska biyu. Ta sa an raina ginin ƙasa, wanda muke da gwanayensa da kayansa a ƙarƙashin ƙafarmu. Ta kuma sa an ɗauka cewa ginin siminti, tun da na dindindin ne, ba ya bukatar a waiwaye shi. Mai soro ya san duk shekara yana da bashin yaɓe a wuyansa. Mai siminti kuwa sai ya kwanta, yana ganin ya gama.

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴanci da mutane miliyan 3 da ƴan kai, kuma yaran da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Ƙasashe kaɗan ne a Afirka suka fara daga ƙasa haka. A 1961 ministocin ilimi na Afirka suka haɗu a Addis Ababa suka ɗora wa kansu burin sa kowane yaro a firamare kafin 1980. Gwamnatin Jori, wadda tsofaffin malamai suka cika, ta ɗauki maganar da gaske. Aka yi ta buɗe makarantu a garuruwan da ba su taɓa ganin allo da alli ba, aka kuma kafa masana'antar siminti a Malbaza cikin shekarun 1960. Amma buɗe makaranta ya fi gina ta sauƙi. Inda gini bai iso ba, sai a kafa rumfa a fara karatu kafin ya iso. Da babu gara ba daɗi, in ji masu magana, kuma ba wanda ya yi zaton rumfar za ta daɗe.

Kuɗin uraniyum da gayyar Samariya

An fara haƙar uraniyum a Arlit a 1971, aka ƙara da na Akuta a 1978. Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya yi sa'ar hauhawar farashinsa. A ƙarshen shekarun 1970 baitulmali ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba, aka gina ma'aikatu da hanyoyi da kwalejoji a manyan garuruwa. Da yawa daga cikin azuzuwan simintin da muke gani yau sun dusashe, ƴaƴan wannan zamani ne. Sun haura shekara 40, kuma kaɗan ne cikinsu aka taɓa yi wa babban gyara.

A ƙauyuka kuwa Kunce ya kama wata hanya. Ya farfaɗo da Samariya, tsohuwar ƙungiyar samarin gari da muka gada, mai sarkin samari da al'adar gayya, ya mai da ita hannun gwamnati. Samari suka buga tubali, suka ɗauko ruwa, suka tayar da azuzuwan ƙasa, hukuma ta kawo kwano da ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a waɗannan shekaru an ga abin da hannu da yawa ke iya yi da kuɗi kaɗan. A karon farko mutumin ƙauye ya dubi makaranta ya ga zufarsa a jikin bangonta.

Sai dai umarnin daga sama yake saukowa. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, ƙarfin Samariya ya fara ja da baya, kuma bayan babban taron ƙasa na 1991 da shigowar jam'iyyu da yawa, tsarin ya watse. Azuzuwan da samari suka gina suka rasa mai yi musu yaɓe. Bangon ƙasa in ya yi damina biyu ko uku ba a taɓa shi ba, gindinsa ke fara cinyewa, daga nan sai faɗuwa. Aka ɗora laifin a kan laka, alhali rashin mai kula ne ya kashe su.

Shekarun tsuke bakin aljihu

Tun farkon shekarun 1980 farashin uraniyum ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, fari ya sake aukowa a 1984. Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1983, sannan da Bankin Duniya a 1986, bisa sharaɗin rage kashe kuɗin gwamnati. Idan aka ce wa ma'aikata ta rage kasafi, albashi ba ya taɓuwa cikin sauƙi, domin masu shi suna da baki. Kuɗin gyaran gini shi ake fara yankewa, tun da bango ba ya yajin aiki.

Don a rage bukatar sababbin azuzuwa, aka shigo da tsarin karatun safe da maraice a birane: aji guda, malami guda, rukunin yara biyu. Ginin da aka yi wa yara 50 ya koma ɗaukar ninkinsu a yini, bencina da daɓe suka riƙa lalacewa da sauri. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibu, ɗalibai suka fito suna ƙin irin waɗannan matakai na tsuke ilimi, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. Shekarun da suka biyo baya na bashin albashi ne, da yaje-yajen aiki, da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum. A Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje, kwano, rodi, ƙusa, fenti, farashinsa ya yi tsalle. Tsadar aji guda ta ƙaru a daidai lokacin da aljihun gwamnati ya fi bushewa.

A 1998 aka yi babbar dokar tsarin ilimi, wadda ta ce nauyin makarantun gwamnati yana kan ƙasa, da ƙananan hukumomi, da iyalai. A takarda rabon aiki ne mai kyau. A zahiri kuwa kowa sai ya riƙa nuna ɗan'uwansa: ma'aikata ta ce na gari ne, gari ya ce ba a ba shi kuɗi ba, uwaye su ce kayan gwamnati ne.

Tseren lissafi

Bayan taron Dakar na shekarar 2000, inda duniya ta sake alkawarin ilimi ga kowa, Nijar ta samu sassaucin bashi. Da kuɗin nan Tanja Mamadu ya ƙaddamar da shirinsa na musamman a 2001, mai burin gina azuzuwa 1,000 da ɗakunan shan magani 1,000 a kowace shekara. A 2003 aka fara shirin ilimi na shekara goma, aka ɗauki dubban malaman kwantaragi. Bankin Duniya, da Bankin Musulunci, da Japan, da Faransa, da sauran masu agaji suka shigo, kowa da tsarin gininsa da ƴan kwangilarsa.

Ba za a musa nasarar da aka samu ba. Ƴan firamare ba su kai 600,000 ba a shekarar 2000, amma zuwa 2012 sun kai miliyan 2. Yara da yawa, musamman ƴan mata da ƴan ƙauye, sun samu abin da uwayensu ba su samu ba. To amma mai karatu ya yi lissafin da kansa. Ƙarin yara kusan miliyan ɗaya da rabi cikin shekara 12 yana nufin wajen 120,000 a kowace shekara. In an zuba 50 a aji, ana bukatar sababbin azuzuwa kusan 2,400 duk shekara, ban da waɗanda suka faɗi. Ƙidayar jama'a ma ta faɗi haka: miliyan 5 a 1977, miliyan 7 a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17 a 2012. Ko da Mahamadu Isufu ya zo a 2011 da alkawarin azuzuwa 2,500 a shekara, abin da zai iya shi ne ya bi sawun sababbin yara, tsohon giɓi kuwa yana nan.

Uwaye ne suka cike giɓin. A 2004 aka fara ƙarfafa kwamitocin kula da makaranta, waɗanda aka fi sani da COGES, da tallafin Japan a jihar Tawa, daga baya tsarin ya bazu ko'ina. A shekarar ne kuma aka zaɓi magadan gari na farko a sababbin ƙananan hukumomi. Kwamitocin sun yi aiki na gaske, sun tara kuɗi jaka-jaka, sun sayi alli, sun haƙa masai. Amma ƙarfinsu bai kai siminti ba. Abin da za su iya shi ne itace da kara da zana. Ta haka ajin “wucin gadi” ya zama ajin da yaro zai shiga ya fita firamare bai san wani ba.

A duk wannan tsere, abu ɗaya ake ƙirgawa: azuzuwa nawa aka gina. Shi ake faɗa a jawabin shugaba, shi mai agaji ke rubutawa a rahotonsa. Sabon aji yana da bikin buɗewa da hoto. Maye gurbin fallen kwano biyu ba shi da ko ɗaya.

Yadda aji ke mutuwa

Ajin siminti ba ya faɗuwa rana ɗaya. Guguwar farkon damina ta ɗaga bakin kwano, ƙusa biyu su fita. Da a makon aka hau da guduma, da an gama da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ba a hau ba, iska ta gaba ta yaye fallen. Ruwa ya bi katako ya jiƙa shi, gara ta shiga, silin ya lotsa, jemagu su tare a ciki har wari ya hana zama. Ruwan ya gangara cikin ginshiƙi ya tarar da rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan shekara biyar ko shida darakta ya kwashe yara ya mai da su rumfa, ajin ya zama ma'ajiyar karyayyun bencina. Abin da ya faro daga ƙusa biyu ya koma maganar miliyoyi.

Akwai kuma waɗanda tun ran gini aka cuce su. Ɗan kwangila ya rage siminti a bulo, ya sa rodi siriri, mai duba aiki ya sa hannu bai je wurin ba. Shi ya sa za ka ga ginin zamanin Nasara na tsaye, na shekara 15 kusa da shi ya tsage. Sannan makaranta ita ce mafakar gari: ambaliya ta zo a zuba waɗanda gidajensu suka rushe a ciki, zaɓe ya zo a yi a ciki, inda babu katanga kuma dabbobi su kwana. A 2024, saboda ambaliya da mutanen da suka fake a azuzuwa, sai da gwamnati ta ɗaga komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan. Kowa na mora, ba a ware wanda zai gyara bayan an tashi.

Kuɗin da zana ke ci

Ana cewa ajin zana yana da araha. Sai dai duk shekara ake sake shi, kuma ba a samun kara sai an gama girbi. Makaranta na buɗewa a Oktoba, amma a wurare da yawa rumfa ba ta tsayawa sai Nuwamba ko bayan haka. Da ruwan farko ya sauka a Mayu ko Yuni, karatu ya tsaya. Tsakanin nan ga hunturu da ƙura, yara zaune a ƙasa, muryar malamin ajin kusa na shigowa ta cikin zana. Yaron da ya rasa wata biyu ko uku a kowace shekara, kafin ya gama firamare ya yi asarar fiye da shekarar karatu guda.

Babbar hasarar kuwa ta zo a 2021. Ranar 13 ga Afrilu wuta ta kama rumfunan wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, aƙalla yara 20 suka rasu, galibinsu ƴan ajin reno. Ranar 8 ga Nuwamba ta sake aukuwa a Maraɗi, yara aƙalla 25 ƴan shekara biyar zuwa shida suka ƙone. Allah ya jiƙansu, ya ba uwayensu haƙuri. Busasshen kara a jere, ga iska, ga ƙofa guda ƙanƙanuwa: babba ma da ƙyar zai fita, balle yaron da bai san inda zai nufa ba. Gwamnati ta haramta sa ƴan ajin reno a rumfa, kuma Shugaba Mohamed Bazum ya bayyana cewa akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 da ake son mayewa. A Fabrairu 2023 wuta ta sake cin yara uku a Damagaram. In aka raba 36,000 da 2,500, za a ga aikin sama da shekara 14 ne, ko da ba a ƙara yaro ko ɗaya ba, alhali yanzu ana haifar yara fiye da miliyan ɗaya a shekara.

A gyara ko a rushe?

Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa ƙasar da ke bin bashin azuzuwa 36,000 ba ta da halin barin ko ɗaya mai tsayayyen bango ya mutu. Akwai ginin da gyara ba ya yi masa amfani, kamar wanda harsashinsa ya nutse ko rodinsa ya ruɓe, kuma ajiye yara a cikinsa ganganci ne. Amma yawancin tsofaffin azuzuwanmu rufi da daɓe da taga suke nema, kuɗin da bai kai na sabo ba. Duk tsohon ajin da aka ceto, rumfa guda ce aka rage.

Tarihi ya kuma wanke laka daga zargin da aka yi mata. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, an sake gina ta a 1844, tana tsaye har yau domin garin bai daina yi mata yaɓe ba. Masallacin Yama na jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tun 1980 aka fara koya wa magina gini maras itace a Shikal, wajen Filinge, inda ake rufe ɗaki da baka da ƙubba na tubali, ba azara ba kwano. A Dandaji, a 2018, Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta sun ƙi rushe tsohon masallacin garin, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa. A maƙwabciyarmu Burkina Faso, makarantar firamaren Gando da Francis Kéré ya gama a 2001 da bulon ƙasa, da rufin da aka ɗaga don iska ta ratsa, ita ta fara fitar da sunansa, har ya ci babbar kyautar Pritzker a 2022. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, sanyin ɗakin ƙasa ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke karatu.

Wannan ba ya nufin laka ba ta da rauni. A Satumba 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19. Damina tana ƙara tsanani, ginin ƙasa na yau yana bukatar harsashi mai ƙarfi da rufin da zai kare bango. Abin lura dai shi ne, babu kayan gini na dindindin. Siminti da laka duka suna mutuwa in an bar su, bambancinsu kawai laka tana faɗa maka da wuri.

Kumandan ya sa an yi gyara, amma da tilas, sai jama'a suka tsani ginin. Gwamnatocin ƴanci sun gina da siminti, suka ɗauka sun huta. Samariya ta nuna gayya na iya gina aji, sai dai ta mutu tare da mulkin da ya rene ta. Masu agaji suna miƙa makulli su tafi. Uwaye kuma an bar musu nauyi ba tare da an ba su ƙarfi ba. Abin da ba a taɓa zaunar da shi ba tsawon wannan tarihi shi ne abu mafi sauƙi: a san kowane aji da shekarunsa da halin da yake ciki, a san mutum guda da za a tambaya in kwano ya tashi, a kuma sa masa ɗan kuɗin gyara a hannu duk shekara kafin ruwan farko. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Ranar da ake aza harsashin aji, ranar ya kamata a rubuta sunan mai gyaransa. In ba haka ba, azuzuwan da za a gina don maye zana su ma za su bi sahun na zamanin uraniyum, jikokinmu su sake komawa rumfa a gefensu.